Mutum Nawa Suka Isa? Tarihin Gwajin Magani Daga Kano Zuwa Anka da Tawa

Manomin shinkafa a ƙasar Tsibiri, ko a ko'ina cikin filayen ban-ruwan Bakolori da suka shimfiɗu tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, ba ya juye gonarsa kaf ga sabon iri don kawai malamin gona ya yaba shi. Yakan ware masa fangali biyu ko uku, sauran ya bar wa irin da ya sani. In an yi girbi an ƙidaya buhu, sabon ya fi auki, rani mai zuwa sai ya ƙara masa fili. In ya gaza, a rage masa. Bai rubuta komai ba, amma abin da yake yi ɗin nan shi masana ƙididdiga suka shafe shekara 90 suna gardama a kansa: shin mai gwaji yana da damar sauya rabo alhali gwajin bai ƙare ba? Kuma akwai inda za a iya kama shi. Wataƙila fangalin da ya ba sabon irin shi ne na bakin magudana, wanda ruwa ke fara isa. To buhunan nan, na iri ne ko na ruwa?

A gona aka fara warware wannan. Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila a 1919, ya ce a daina barin mutum yana zaɓar wane fegi zai sami wane iri, a jefa ƙuri'a. Likitoci sun ɗauko dabarar daga baya. A 1948 aka buga sakamakon gwajin streptomycin a kan masu tarin fuka a Birtaniya, wanda Austin Bradford Hill ya tsara: majinyata 107, an raba su ta ambulan da aka liƙe, 55 suka sami maganin, 52 suka sami hutun gado kaɗai, wanda shi ne jiyyar zamanin. Cikin wata shida 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu. Daga nan al'adar ta kafu. Kafin a taɓa majinyaci na farko sai an rubuta mutum nawa za a ɗauka, me za a auna, da ranar da za a buɗe sakamako. Tsakanin farko da ƙarshe, ba leƙe.

Adadin nan ba a kai ake tsinto shi ba, lissafi ne, amma lissafin da aka ɗora kan kirdado. A ce cuta tana kashe 20 cikin kowane majinyaci 100, ana fatan sabon magani ya mai da su 10. Bisa ƙa'idar da aka saba, ana buƙatar kusan mutum 200 a kowane rukuni kafin a iya bambanta aikin magani da dace. In kuwa ashe maganin daga 20 zuwa 15 kawai yake saukarwa, buƙatar ta haura 900 a kowane rukuni. Bambanci ya ragu da rabi, mutanen da ake nema sun ninka fiye da sau huɗu. Ga shi kuma wanda ke wannan lissafi bai san ainihin ƙarfin maganin ba, don da ya sani da ba a yi gwajin ba. In ya ɗauki kaɗan, an wahalar da mutane ba a sami amsa ba. In ya ɗauki da yawa, an ci gaba da ba wasu abin da ya kasa bayan gaskiya ta riga ta bayyana.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1954 aka fara aikin gwajin feshin sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajejen Birnin Kebbi, kuma a nan aka gano sauro ya fara jure wa maganin feshi na dieldrin. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda yanzu ke Jigawa: feshi a wasu ƙauyuka, feshi da rabon magani a wasu, ana ɗibar jini bayan kowane mako 10. Zazzaɓin ya faɗi ƙwarai, amma bai yanke ba, da aka janye hannu ya dawo. Wannan aiki ne na natsuwa, an shekara fiye da ɗaya ana ƙidaya kafin a fesa ko ɗaki guda.

Kano ta 1996 akasin haka ce.

A ranin shekarar sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda kowa ke kira IDH, ya cika har tsakar gida, likitocin ƙungiyar MSF suna ta fama da allurar chloramphenicol. Cikin wannan hali tawagar kamfanin Pfizer ta sauka da sabon magani, Trovan, ta ɗauki yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka yi musu allurar ceftriaxone, wadda bayan ta farko aka rage ƙarfinta zuwa kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saba. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni tawagar ta tattara ta tafi, annoba na ci gaba.

Kamfanin ya tsaya kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran, cewa ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki, kuma mace-macen da aka samu a hannunsa bai kai na sauran asibitin ba. Iyaye da dama suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, kuma ba a sanar da su cewa ga magani sananne kyauta a ɗaya gefen asibitin ba. Jaridar Washington Post ta tono maganar a Disambar 2000. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an mai da kwanan watanta baya ne. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta naɗa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya ɗora wa gwajin laifi a rahotonsa na 2001, rahoton da bai fito fili ba sai 2006. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu.

An yi ta magana a kan yarda da ɗa'a, kuma su ne kan gaba. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: ko ta fuskar lissafi zalla, 5 da 6 ba su nuna komai. A inda mace-mace ke wajen 6 cikin 100, gano maganin da ya rage su da rabi yana buƙatar yara kusan 750 a kowane ɓangare. Yara 100 da 100 ba za su iya wanke Trovan ba, ba za su iya kama shi ba. Sannan rage allurar da ake gwada sabon magani da ita yana lalata ma'aunin kansa. Trovan dai Amurka ba ta taɓa amincewa a ba yara shi ba, a 1999 kuma ta taƙaita amfani da shi har ga manya saboda illar hanta, Turai ta dakatar da shi.

Kuɗin wannan gaggawa wasu yaran suka biya. A 2003, da jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka tsai da rigakafin shan-inna, sunan Trovan na cikin hujjojin da ake kawowa a majalisu da masallatai: ba za a sake mai da 'ya'yanmu zakaran gwajin dafi ba. Kafin a shawo kan lamarin cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20. Mutanen yankin Bakolori kuwa suna da nasu dalilin na ɗari-ɗari da baƙo mai littafi da abin awo, wanda ya girmi Trovan. Masu awon da suka zo gabanin gina madatsar, wadda aka gama a 1978, sun ƙidaya gonaki da itatuwa, diyya ta zo yadda ba a zata ba, manoma suka tare hanyoyi, ranar 28 ga Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da kewaye. Har yau adadin mamatan da gwamnati ta faɗa da wanda mutanen garuruwan ke faɗa ba su zo ɗaya ba, kuma tazarar ta ɗaruruwa ce.

Su masana ƙididdiga tun da daɗewa ƙa'idar rufe ido har ƙarshe tana damunsu. A 1933 William Thompson, a Jami'ar Yale, ya kawo shawarar a riƙa karkata ƙuri'a zuwa ga maganin da alamu suka nuna ya fi, gwargwadon ƙarfin alamun. Ba wanda ya kula shi sosai. Lokacin yaƙin duniya na biyu Abraham Wald ya fito da hanyar duba kayan yaƙi ɗaya bayan ɗaya, a tsaya da zarar hujja ta isa, sojan Amurka suka ga amfaninta har suka mai da ita sirri. Peter Armitage ya shigo da ita asibiti da littafinsa na 1960. Shi ne kuma, da abokan aikinsa biyu, ya nuna a 1969 inda haɗarin yake. Gwajin da aka yarda zai iya yin kuskure sau 5 cikin 100, wato ya ce magani na aiki alhali ba ya yi, in aka leƙa sakamakonsa sau biyar da niyyar tsayawa duk lokacin da ya yi kyau, kuskuren ya tashi zuwa kusan 14 cikin 100. Maganin wannan shi ne a tsaurara sharaɗi a kowane leƙe. Stuart Pocock a 1977, da O'Brien da Fleming a 1979, suka fitar da iyakokin da har yanzu ake aiki da su: wanda ke son tsayawa da wuri sai ya zo da hujja mai nauyin gaske.

Ba kowane karo dabarar ta yi kyau ba. A Michigan, a gwajin da aka buga a 1985 na wata na'ura mai sa wa jinin jarirai iska a wajen jiki, an bi tsarin ƙara wa mai nasara ƙuri'a. Jariri na farko ya faɗa ɓangaren na'ura ya rayu. Na biyu ya faɗa ɓangaren tsohuwar jiyya ya rasu. Ƙuri'a ta karkace, goma na gaba duk suka tafi na'ura, duk suka rayu. 11 da 1 ke nan. Likitoci suka ce jariri guda ba ya zama ma'auni, sai da aka sake wani gwajin a Birtaniya da jarirai 185, aka buga shi a 1996, kafin maganar ta zauna. Karkatawar da aka yi don tausayi ita ta jawo aka jefa wasu jariran ƙuri'a bayan shekara goma.

Gyaran adadi a tsakiyar hanya iri biyu ne. A na farko ba a buɗe wa ya sha me ba, jimilla kawai ake dubawa: an zaci cutar za ta kama 10 cikin 100, ga shi 5 take kamawa, sai a ƙara mutane ko a ƙara lokaci. Wannan ba ya ɓata lissafi sosai. A na biyu ana buɗewa a ga tazarar da ke tsakanin rukunai, kuma nan ne ake taka-tsantsan. Masu gudanar da gwajin ba sa gani, kamfani ba ya gani, sai wani kwamiti mai zaman kansa, shi ma da ƙa'idar da aka rubuta tun kafin a fara. Jagorar da hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta kammala a 2019 a kan wannan ta dogara: sauyin da za a kira sauya taku na halal shi ne wanda aka tsara tun farko. Wanda aka yi don an ga abin ya juya, sunansa daban.

Zamfara ta ga ɗaya nau'in sauyin, na dole, a 2010. A watan Maris wata tawagar MSF da ke sa ido kan sanƙarau ta ji labarin yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kudu da Talata Mafara. Amai, jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓi, an ba da na sanƙarau, shiru. Ashe dalma ce. Farashin zinariya ya tashi, maza suna haƙo dutse su kawo gida, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Da jami'an hukumar CDC ta Amurka da na Nijeriya suka bi ƙauyuka biyu gida gida, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu. 'Yar na'urar awon jini da aka zo da ita ba ta karanta abin da ya wuce 65, jinin yara da yawa kuwa ya wuce nan, sai da aka koma sirka jinin kafin ta iya ba da lamba. An ƙiyasta yara 400 ne suka rasu a Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Daji, Sunke da maƙwabtansu.

Maganin da ke akwai shi ne DMSA, ƙwanso mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari. Abin da littattafai suka ce a kansa an samo shi ne daga yaran Amurka da Turai waɗanda dalmar jikinsu ba ta kama ƙafar wannan ba. Ba wanda ya taɓa ba ɗaruruwan yara masu irin wannan guba a lokaci guda, a asibitin karkara. Ba kuma mai hankalin da zai ce a bar rabinsu ba magani don a sami abin kwatance. Saboda haka likitoci suka fara a watan Yuni da abin da suka sani, suna gyarawa suna tafiya. An fara da kwantar da yara da uwayensu a asibitocin Anka da Bukkuyum na makonni, gadaje suka kasa, uwaye ga gida ga gona, aka koma ba da magani a ƙauye. An sauya tsawon kwanakin shan maganin. An kuma kafa sharaɗi mai ɗaci amma mai ma'ana, cewa sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gari an zuba sabuwa kafin a fara jiyyar yaransa, in ba wanda ke bakin mutuwa ba, don yaron da aka wanke wa jini ya koma tsakar gidan nan ya koma gidan jiya. Wannan sharaɗi ne ya sa yaran Bagega suka jira har 2013, lokacin da kuɗin gwamnatin tarayya ya fito bayan matsin lamba.

A 2014 aka buga abin da aka gani: yara 1,156, zagayen magani 3,180 cikin wata 13 na farko, tarin bayani mafi girma a duniya a lokacin kan jiyyar yara masu mummunar gubar dalma. Ya nuna maganin ba ya da illa mai yawa, kuma ya fi aiki in ma'aikaci ne ke ba yaro a gabansa. Aikin ya ceci rayuka, ba mai musun wannan, kuma MSF ta riƙe shi har 2022. Sai dai tambayar wane tsawon kwanaki ya fi bai sami amsa tsaf ba, domin sauye-sauyen sun zo ne ɗaya bayan ɗaya, a daidai lokacin da ake share garuruwa, yaran da suka fi jikkata kuma su aka fara ɗauka. Da akwai rubutaccen tsari a ajiye, da an iya jefa ƙuri'a tsakanin hanyoyi biyu na ba da maganin, kowane yaro ya sha, ba wanda aka hana. Ba laifin waɗanda ke Anka ba ne. Ba wanda ya yi tanadin irin wannan rana.

Tanadin ana iya yinsa, kuma an yi shi a tsallaken iyaka. Sabon nau'in sanƙarau na C, wanda aka fara gani a jihar Sakkwato a 2013, ya ɓarke a Zurmi a ƙarshen 2016, ya kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 1,100, Zamfara ce ta fi jin jiki. A ranin nan na 2017 ya shiga Madarumfa ta jihar Maraɗi. Can cibiyar Epicentre da ma'aikatar lafiya ta Nijar sun riga sun rubuta tsarin gwaji, an amince da shi, yana jiran annoba. Duk ƙauyen da ya kawo rahoton mai sanƙarau sai a jefa masa ƙuri'a: ko jiyyar da aka saba, ko a ba mutanen gidan majinyaci ƙwayar ciprofloxacin guda, ko a ba gari duka. Ba wanda ya iya cewa ƙauye nawa za a samu, annoba ce ke yanke wannan, ruwan sama kuma shi ke rufe ta. An sami 49. A ƙauyukan jiyyar da aka saba cutar ta kama 451 cikin kowane 100,000, inda aka ba gida kaɗai 386, inda aka ba gari duka 190.

A Madarumfar nan dai, daga 2014, an gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi na kamfanin Serum na Indiya, da wata dabarar ta kauce wa kirdado. Maimakon a ce za a buɗe sakamako ranar kaza, sai aka ce za a buɗe in yawan yaran da suka yi gudawa mai tsanani ya kai adadi kaza. Da aka kai, cikin jarirai 3,508, an sami 31 a ɓangaren rigakafi, 87 a ɓangaren da aka ɗiga wa ruwan da ba magani a ciki.

Ebola ta nuna wa duniya fuska biyun abin. Gwajin maganin ZMapp a Afirka ta Yamma ya nemi mutum 200, annoba ta lafa yana da 72, ya tashi ba hukunci. A Kwango kuwa, gwajin da Farfesa Jean-Jacques Muyembe ya jagoranta ya fara da magani huɗu, a Agustan 2019 kwamitin sa ido ya leƙa ya ce a ajiye biyu, duk mai zuwa a ba shi ɗaya daga biyun da suka fi.

Amma gwajin da ya fi kusa da shawarar Thompson, kuma ya fi kusa da dabarar manomin Tsibiri, shi ne na azithromycin. Wannan shi ne maganin da ake rabawa gari gari don tarakoma, ciwon idon nan mai juya gashin ido ya riƙa gogar ƙwaya har ya makantar, kuma an raba shi a sassan Zamfara da Sakkwato. A Habasha aka fara lura, a 2009, cewa inda aka raba shi yara ba sa mutuwa kamar da. Gwajin MORDOR, wanda aka buga a 2018, ya bi sawu a Malawi da Tanzaniya da Nijar: mace-macen yara ya ragu da kashi 13.5 cikin 100 a jimilla, a Nijar da kashi 18. Hukumar Lafiya ta Duniya, don tsoron ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ta ce a 2020 a taƙaita rabon ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a kuma wuraren da mace-mace ya yi yawa kaɗai. Tambaya ta taso: jarirai kaɗai ya isa, ko sai an haɗa da yayyensu?

Gwajin AVENIR ya ɗauki wannan tambaya daga Nuwamban 2020 zuwa Yulin 2023, a jihohin Doso da Tawa, Tawar da Birnin Ƙonni ke cikinta, tsallaken Illela. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko, irin su Kieran O'Brien da Thomas Lietman, da na Nijar irin su Ahmed Arzika, suka raba ƙauyuka 3,000 gida uku: inda za a ba duk yara 'yan wata 1 zuwa 59, inda za a ba jarirai kaɗai, da inda kowa zai sha ruwan da ba magani, sau biyu a shekara har shekara biyu. Ba a shigar da ƙauyukan rana ɗaya ba. Na farko an raba su daidai wa daida. Da alƙalumansu suka fara shigowa, sai aka gyara nauyin ƙuri'ar waɗanda ke biye bisa ƙa'idar da aka rubuta tun farko, kuma an daddale ta yadda ba rukunin da zai ƙare da ɗan abin da ba ya aunuwa, kamar yadda ta faru a Michigan. Shi ya sa rabon ƙarshe ya fito a karkace: 1,273 a rukunin duk yara, 954 a rukunin da ba magani, 773 a rukunin jarirai kaɗai. Yara 382,586 aka bi. Inda aka ba kowa, mace-mace ya tsaya a 11.9 cikin 1,000 a shekara, inda ba a ba kowa ba 13.9, ragin kashi 14 cikin 100. Inda aka ba jarirai kaɗai ragin bai kai abin da za a iya rantsuwa a kansa ba. Wanda ya ba da kyautar maganin da ruwan kwatancen, kamar yadda ya yi a MORDOR, shi ne Pfizer.

Karkatar nan ta amfani ɗaruruwan ƙauyuka da suka sami magani alhali da rabon daidai ne ba za su samu ba. Ita ma tana da kuɗinta. Rukunin jarirai, wanda shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da ake son a gwada, shi ya tashi da ƙauyuka mafi ƙaranci, don haka amsar da aka samu a kansa ba ta kai ta ɗayan kaifi ba. Kuma bambancin 11.9 da 13.9 yaro biyu ne cikin dubu. Ba uwar da za ta gan shi da idonta, ba mai garin da zai lura da shi a maƙabarta. Sai an tara ƙauyuka dubbai yake fitowa.

Nan ne maganar ta dawo ƙasar Maradun da Bakura da Mafara. Gwajin da zai sauya taku yana rayuwa ne da labari mai saurin dawowa. A Doso da Tawa ma'aikata sun riƙa shiga gida gida bayan kowane wata shida da waya a hannu, su kira sunan kowane yaro da aka rubuta a zuwan baya, a ce musu yana nan, ya yi ƙaura, ko Allah ya yi masa rasuwa, domin ba rajistar haihuwa da mutuwa da za a dogara da ita. A wannan gefen na iyaka rajistar ba ta fi ta can ba, ga kuma abin da ya ƙaru. Ƙauyuka da dama 'yan bindiga sun tashe su, iyalai sun koma cikin Mafara ko Gusau, a Satumban 2021 har layukan waya aka rufe a jihar baki ɗaya na makonni. Yaron da aka rubuta da rani ba lalle a sami gidansu da kaka ba, kuma gwajin da ya kasa bambanta wanda ya gudu da wanda ya rasu, duk ƙuri'ar da ya gyara a kan kuskure ya gyara ta.

Buƙatar kuwa a fili take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 187 cikin 1,000 ke rasuwa kafin shekara biyar a Arewa maso Yamma, fiye da ninki biyu na 80 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin sharaɗin fara rabon azithromycin. Nijeriya ta fara nata shirin, SARMAAN, a wasu jihohi ciki har da Sakkwato da Kebbi, da hannun Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Legas. Hujjar cewa maganin na rage mutuwa daga Nijar aka aro ta. Abin da shirin ya fara aunawa a gida shi ne ko maganin na da illa ga jarirai, da kuma yadda ƙwayoyin cuta ke sabawa da shi, abin da aka riga aka gani yana ƙaruwa a ƙauyukan Doso da suka sha shi shekara da shekaru.